Zumar da Ta Sauka a Lemun Mama

Na zo Dubai da niyyar aikin jinya, domin shi na iya, shi na yi shekaru ina yi a wani ƙaramin asibitin mishan a karkarar Zariya. Amma abin da na samu sharar ofisoshi ce. Mijina ya riga ya rasu, 'ya'yana biyu suna hannun yayata, don haka ban tsaya zaɓe ba. Mu shida muke zaune a filat ɗaya a Al Qusais, kowa da gadonta da akwatinta a ƙarƙashin gado. Da safe mota ta kwashe mu, da yamma ta dawo da mu. Haka na yi kusan shekara biyu.

Wata rana bayan an tashi daga coci, wata 'yar Jos da muke gaisawa ta ja ni gefe ta ce akwai wani Bature da yake neman mai jin Hausa ta kula masa da mahaifiyarsa. Na yi dariya, na ɗauka wasa take yi. Ta ce ba wasa ba ne, in je in gani da idona.

Gidan yana cikin unguwar da ke bayan sito-siton Al Quoz, ƙaramin gida ne mai tsakar gida da katanga. Ɗan ne ya buɗe mini ƙofa, dogon mutum mai furfura a gefen kai, injiniya. Da Turanci muka yi magana. Ya ce su mutanen ƙasar Ailan ne. Mahaifiyarsa ta yi aikin ungozoma a arewacin Najeriya tun tana budurwa, kafin ta koma gida ta yi aure. Da mahaifinsa ya rasu ya ɗauko ta ya kawo ta wurinsa. Yanzu mantuwar tsufa ta kama ta, Turancin ma yana zame mata. Wani lokaci sai ta koma yaren ƙauyensu, wanda shi kaɗan yake ji, wani lokaci kuma sai ta shiga wani yare da ba wanda ya gane. Sai ranar da wani Bakano ya kawo musu kujeru daga sito, ya ji tana magana daga ɗaki, ya tsaya cak, ya amsa mata. A ranar ne suka san Hausa take yi.

Ya kai ni tsakar gida. Tana zaune a keken guragu ƙarƙashin wata bishiyar lemun tsami, 'yar ƙaramar tsohuwa fara sol, an lulluɓa mata mayafi a ƙafa duk da zafin gari. Na durƙusa na ce, "Sannu da hutawa, Mama."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Yauwa, sannu 'yata. Ina gajiya? Daga wane gari?"

Na gaya mata. Ta ce, "Kin ci tuwo?"

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Hausarta ta mutanen da ce, irin ta kakannina, da wata 'yar lanƙwasa a harshe. Shi ɗan yana tsaye yana kallon bakinmu, ba ya jin ko kalma ɗaya. A satin nan na kwaso kayana daga Al Qusais.

Aikin ba shi da wani sirri. Wanka, canza kaya, magani, abinci, juya ta a gado kada jikinta ya yi gyambo. Amma lokacin da muka fi so shi ne hantsi, kafin rana ta yi ƙarfi. In turo ta ƙarƙashin lemun, in kawo mata shayi, in zauna a kujerar roba ina tsinke alayyafo ko ina ninke wanki. Abin da ya faru jiya ba ta riƙe shi. Abin da ya faru tun tana yarinya kuwa yana nan daram, har da launin rigar da ta sa.

Akwai wata kyanwa da take zuwa gidan, baƙa mai farin wuya, irin na titi masu dogayen ƙafafu. Ba wanda ya kawo ta. Ta katanga take dirowa, ta hau cinyar Mama ta kwanta. Ni ban taso da son kyanwa ba. Kakata takan ce ba kowace baƙar mage ce mage ba, kada a doke ta da magariba, kada kuma a yi zancen sirri a gabanta. Na girma na shiga makaranta na daina yarda da wannan, amma jikina bai daina ba. Ranar farko na ɗauki tsintsiya zan kore ta.

Mama ta ce, "Kul! Bar ta. Ba ki san ko 'yar sarauta ce ba."

Na ce, "Sarauta kuma, Mama?"

Sai ta ba ni labarin da kakarta ta ba ta. Wani manomi yana dawowa daga kasuwa, ya zo wucewa ta bakin maƙabarta, sai wata kyanwa a kan katangar dutse ta kira shi da muryar mutum. Ta ce in ya isa gida ya faɗa cewa sarkin kyanwoyi ya mutu. Mutumin ya iso gida, ya zauna bakin murhu, yana ba matarsa labari. Tsohon muzurunsu da ya shekara goma yana kwance a bakin wutar nan, bai taɓa kama ko ɓera ba, sai ya miƙe tsaye ya ce, to, ai ni ne sarki yanzu. Ya bi ta hanyar hayaƙi ya fice, ba a sake ganinsa ba.

Na ce, "Mama, ashe ku ma kuna da irin wannan."

Ta ce, "Mu ne ma muka fi ku." Ta ce a ƙasarsu akwai bishiyar ƙaya da take tsirowa ita kaɗai a tsakiyar gona, ba mai sare ta, ko da za ta hana garma wucewa, domin ta mutanen ɓoye ce. Ba a ma kiran sunansu, sai a ce mutanen kirki, don kada su ji haushi. Na gaya mata tsamiyar bayan garinmu, wadda ko itacenta da ya faɗi ba a ɗauka a kai murhu. Ta yi dariya har tana tari. Ta ce Fada yana wa'azin a bar wannan camfi a cocinsu kowace shekara, amma shi ma bai taɓa sa gatari a ƙayar gonar cocin ba.

Daga ranar na bar kyanwar. Ban taɓa ɗaukarta ba, amma nakan ajiye mata ruwa a murfin roba.

Lemun kuwa Mama tana kula da shi kamar ɗa. Ba ita ta shuka ba, sun tarar da shi a gidan. Idan ya zubar da 'ya'ya sai ta sa in tsince su in zuba mata a cinya, ta riƙa murza su tana shinshinawa. Ta ce da ta fara zuwa Najeriya ta ga ana tara lemun zaƙi a bakin hanya kamar duwatsu, yara na wasa da shi, sai ta tsaya ta kasa tafiya. A ƙauyensu sau ɗaya a shekara suke ganin lemun zaƙi, ranar Kirsimeti, ta jirgin ruwa ake kawo shi daga ƙasashe masu rana. Babansu yakan sayo guda ɗaya, a ɓare a raba wa yara. Ita da ƙanwarta sukan haɗa nasu su ɓoye, su riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan, ɓawon kuma su sa a ƙarƙashin matashin kai don ƙamshi.

Wannan ƙanwar tana nan da rai a lokacin, a can Ailan, a gidan da aka haife su. Duk ranar Lahadi da yamma ɗan yakan kira ta a waya, a ga fuska, 'yan tsofaffin biyu su yi ta magana da yarensu. Sunan ɗanta kan ɓace wa Mama, amma na ƙanwar bai taɓa ɓace mata ba.

Da sanyi ya fara ja baya lemun ya yi fure, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. Wata safiya na fito da shayi sai na ji ƙugi a sama. Na ɗaga kai, na ga ƙudan zuma sun dunƙule a wani reshe, sun yi kamar faifai. Irin na ƙasar nan ƙanana ne, ba su kai rabin namu ba, kuma ba sa neman rami ko kogon itace. A fili suke saƙa, saƙa ɗaya tal a jikin reshe, su rufe ta da jikinsu.

Ni 'yar mai zuma ce. Babana yana da amya fiye da yadda zan iya tunawa, ya rataye su a kan ɗorawa da kaɗanya har cikin dajin bayan gari. Da kansa yake saƙa su da ciyawa, ya shafe cikinsu da kashin shanu, ya turara su da wasu saiwoyi masu ƙamshi da bai taɓa gaya mana sunansu ba. Mu mata ba ma zuwa ɗiba, namu shi ne tacewa da dafa kaki. Amma na san abin da yake faɗa. Ba ya zuwa wurin amya idan ya yi faɗa da wani, ya ce zuma tana jin warin fushi. Idan kuma taron zuma ya sauka a gidan mutum, ba a korarsa, baƙi ne. Don haka ban ji tsoro ba. Na dai ja keken Mama baya kaɗan.

Da ɗan ya dawo daga aiki ya gani, nan take ya ɗauko waya zai kira masu feshin ƙwari. Ban ga laifinsa ba. Tsohuwa ce mai rauni, harbi ɗaya zai iya zama matsala. Amma Mama ta gane abin da yake shirin yi. Ban taɓa ganin ta haka ba. Ta riƙe hannun keken, ta ɗaga murya da yarensu, fuskarta ta yi ja. Shi kuma yana ta cewa ta kwantar da hankalinta. Ta juyo wurina ta ce da Hausa, "Gaya masa. Gaya wa yaron nan, in ya kashe su ba zan ƙara kwana a gidansa ba."

Na fassara masa. Sannan na ƙara nawa, na ce Oga, irin waɗannan ba su da faɗa, in ba a taɓa reshen ba ba ruwansu da kowa. Na ce a ba ni kwana uku, in sun dami wani ni da kaina zan nemo wanda zai ɗauke su da rai. Ya kalle ni, ya kalli uwarsa, ya ce, "Khalas," wato shi ke nan da Larabci, ya mayar da wayar aljihu.

Ba su harbi kowa ba. Muka koma zama a ɗaya gefen bishiyar, inda take ganinsu sosai. A nan ta ba ni labarin wata waliyyiya ta yankinsu mai kiwon zuma, wadda ɓarayin shanu suka zo garinsu suka kora garke. Mazan gari suka rasa yadda za su yi. Ita kuwa ta buɗe amyarta ta yi addu'a, zuma ta bi ɓarayin har suka saki shanun suka gudu. Ta ce har yanzu mutane suna zuwa rijiyarta neman lafiya, kuma mahaifiyarsu ta taɓa kai su, ita da ƙanwarta, a ƙafa, cikin ruwan sama.

Muna cikin wannan zaman lafiya, wata ranar Laraba da rana ɗan ya dawo gida ba lokacin dawowarsa ba. Ya kira ni kicin ya rufe ƙofa. Idonsa ya yi ja. Ya ce ƙanwar Mama ta rasu da safe, zuciyarta ce ta tsaya. Zai tafi jana'iza, mako guda zai yi. Likita ya ce Mama ba za ta iya tafiyar ba.

Ya ce, "Kada ki gaya mata. Ina roƙonki. Za ta yi kuka, ta manta, ta sake tambaya, ta sake yin kuka. Ba zan iya sa ta cikin wannan ba. In ta tambaya, ki ce waya ta lalace."

Na ce to. Me zan ce? Uwarsa ce, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce.

Alhamis da Juma'a suka wuce lafiya. Asabar ta tambayi inda yaron ya tafi, na ce aiki ya kai shi wata ƙasa. Lahadi ban je coci ba saboda ba wanda zan bar mata. Da yamma ta yi, ta sa na taje mata kai, na sa mata rigarta mai shuɗi. Ban san yadda take gane Lahadi ba, ita da ba ta san wata ko shekara ba, amma tana ganewa. Ta zauna tana jiran waya.

Na ce, "Mama, waya ta lalace yau."

Ta ce, "To, a gyara."

Na ce sai Oga ya dawo. Abincin yamma ko cokali biyu ba ta ci ba.

Washegari da hantsi muna ƙarƙashin lemun, ina yanka mata gwanda, sai na ji ta ce, "'Yata, ajiye wuƙar nan. Dube ni."

Na dube ta. Idonta a ranar garau yake, irin ranakun da hankalinta kan dawo gaba ɗaya na ɗan lokaci.

Ta ce, "Na karɓi haihuwa da yawa a ƙasarku. Na san fuskar mace idan an ce mata kada ta faɗa wa mai jego cewa ɗan bai zo da rai ba. Ita ce fuskarki tun shekaranjiya. Wa ya mutu?"

Na sunkuyar da kai. Na yi alkawari, kuma aikina ne a hannun mutumin nan, da bizata, da makarantar 'ya'yana. Duk wannan ya zo mini a rai, ba zan ɓoye ba. Amma na kasa buɗe baki in sake cewa waya ce ta lalace.

Na ce, "Mama, an hana ni faɗa."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ta ce, "Yaron ya tafi gida ke nan." Sannan ta kira sunan ƙanwarta, da sigar tambaya.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na durƙusa na riƙe hannunta. Shi ke nan.

Ba ta yi kururuwa ba. Hawaye ne kawai yake bin kuncinta yana ɗiga a kan hannuna. Muka daɗe a haka. Na ce mata, "Sai haƙuri, Mama. Ubangiji ya ba ta hutawa." Ta ce amin. Can ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Kai ni kusa da su."

Na ce, "Su wa?"

"Zumar. Ba a gaya musu ba."

Ta ce a ƙasarsu in an yi mutuwa a gida, dole wani ya je wurin amya ya ƙwanƙwasa a hankali ya sanar da su, a ɗaura musu baƙin ƙyalle. In ba a yi ba sai su yi fushi su bar gidan, ko su daina zuma. Ita ce ta gaya wa zumar babansu ranar da ya rasu, ƙanwarta tana riƙe da hannunta don tana tsoro.

Na tura keken har ƙarƙashin reshen. Ba mu da baƙin ƙyalle, sai na cire baƙin ɗankwalin da ke kaina na yage gefensa, na ɗaura a wani reshe na ƙasa, nesa da saƙar. Ta miƙa hannu ta bubbuga jikin bishiyar sau uku da 'yan yatsunta. Sannan ta yi magana da yarensu, a hankali, kamar mai yi wa maƙwabciya bayani ta kan katanga. Ban ji abin da ta ce ba, sunan ƙanwar kawai na tsinta. Zumar tana ta aikinta, masu fita na fita, masu dawowa na dawowa. Da ta gama ta ce, "To, sun ji. Mayar da ni ɗaki, na gaji."

Na kira ɗan da rana na gaya masa duk yadda aka yi, ban rage komai ba. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Na roƙe ki abu ɗaya." Ya kashe wayar. Na wuni ina jiran saƙon sallama. Har na fara tunanin ko gadona na Al Qusais yana nan ba a ba wata ba.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. Washegari Mama ta tashi ba ta tuna komai ba. Da na kawo shayi ta ce, "Yau za a kira ƙanwata?" Na ce ba yau ba, Mama. Ta ce to. A ranar na gane cewa shi ma yana da gaskiya, kuma ban san ko abin da na yi alheri ne ko son raina ne, don in sauke nauyin da ke kaina.

Ya dawo ranar Laraba. Bai yi mini maganar ba, ni ma ban tayar ba. Ya shiga wurin uwarsa ya zauna, ya fito tsakar gida ya tsaya. Ta taga nake ganinsa. Ya ga ƙyallen a reshe, ya kai hannu kamar zai kwance, sai ya fasa. Da ya shigo kicin ya tambaye ni, "Ita ta ce a ɗaura?"

Na ce ita ce.

Ya ce a wurin jana'izar wata tsohuwar maƙwabciya ta tambaye shi ko an gaya wa zuma, ya ɗauka ruɗewa ce irin ta tsofaffi. Bai taɓa jin wannan al'adar ba, a birni ya tashi. Ya zauna a kujerar kicin ya rufe fuska da hannu. Na ba shi wuri.

Daga nan muka yi shawara, ni da shi. Ba za mu riƙa tayar mata da zancen ba, amma in ta tambaya kai tsaye ba za a yi mata ƙarya ba. Sau uku ta sake tambaya a makonnin da suka biyo. Sau biyu ni na amsa, sau ɗaya shi. Kowane karo ta yi kuka, amma ba kamar na farko ba, kuma ba ta sake cewa a kai ta wurin zumar ba. Daga baya ta daina tambaya. Ranar Lahadi ma ta daina cewa a sa mata rigar shuɗi. Ban sani ba ko wani wuri a cikinta ya riƙe labarin ne, ko kuwa ƙanwar ce ita ma ta bi sauran abubuwan da suka ɓace.

Da zafi ya shigo sosai, irin wanda ko da asuba iska kamar daga bakin tanda take fitowa, muka daina fita tsakar gida. Wata safiya na je ba lemun ruwa na tarar zumar ta tashi, sai busasshiyar saƙa fara a reshe. Wani ɗan Pakistan mai kula da shuke-shuken unguwar ya ce haka suke yi, in wuri ya yi musu zafi sai su nemi inuwa mai kauri. Na karyo saƙar na kai wa Mama. Ta juya ta a hannu ta shinshina, ta tambaye ni mene ne wannan.

Jikinta ya yi ta raguwa. Hausar ma ta fara tafiya, sai gaisuwa da 'yan kalmomin ɗakin haihuwa. Wani lokaci ina canza mata kaya sai ta kama hannuna ta ce, "Yi nishi, yi nishi, ya kusa." In ce to, Mama. A ƙarshe yaren ƙauyensu kaɗai ya rage mata, wanda ni ba na ji, ɗanta ma kaɗan yake tsinta. Shi ya sa ya yanke shawarar mayar da ita gida, wani gidan kula da tsofaffi kusa da ƙauyensu, inda masu aikin suke jin yaren. Ya tambaye ni ra'ayina. Na ce ya yi daidai.

Na raka su filin jirgi. Na durƙusa gaban keken na ce, "Mama, sai wata rana. Allah ya kiyaye hanya." Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta shafa kaina.

Ɗan ne ya haɗa ni da wani asibitin kula da tsofaffi a Bur Dubai, inda nake aiki har yanzu. Kyanwar kuwa, an ce ta koma gidan wasu Larabawa a layin, suna ba ta kifi.

Mama ta rasu cikin sanyin da ya biyo baya. Bayan ɗan ya dawo daga binne ta ya neme ni, muka haɗu a wani shagon shayi kusa da inda ake hawa abra, kwale-kwalen da ke ƙetarar da mutane. Ya zo da littafin rubutu. Ya ce shekarun da uwarsa ta yi a Najeriya bai san komai a kansu ba, tana da lafiya bai tambaya ba, da ya so tambaya kuma ta koma yaren da ba ya ji. Yana so in gaya masa abin da take faɗa mini a duk waɗannan safiyoyin, don 'ya'yansa.

Na gaya masa abin da na riƙe. Yadda take tafiya ƙauyuka a kan keke da akwatin kayan aiki a baya. Yadda matan wani gari suka ƙi yarda da ita sai da ta zauna ta ci tuwon dawa da hannu a gabansu. Wata mata da ta haifi tagwaye a gona, da wata da ta rasu a hannunta, wadda har tsufanta tana cewa da an kawo ta da wuri. Yana rubutawa, wani wurin ya tsayar da ni ya ce in maimaita. Shayinmu ya huce, aka kawo wani.

Da muka tashi ya ce akwai sauran, ko? Na ce akwai da yawa, ba za su ƙare yau ba. Muka sa ranar hutuna ta gaba. Ya tafi wajen motarsa, ni kuma na gangara bakin ruwa, domin ina da saƙon kuka da daddawa da zan karɓa wurin wata Hajiya a ƙetare kafin ta rufe shago.